Littafin aiki: wasan kwaikwayo kan lafiyar jima'i tsakanin baƙaƙen maza a Bronx

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau ƙungiyarmu ta yi zamanta na farko a zauren wata cibiyar al'umma da ke kudancin Bronx, a birnin New York, kuma mun amince cewa aikin wannan shekara shi ne shirya gajeren wasa wanda za a iya ɗauka a kai shagunan aski da zaurukan taro, domin maza su tattauna lafiyar jima'i a tsakaninsu. A cikinmu akwai baƙaƙen Amurkawa haifaffun Bronx da Harlem, akwai mutanen Jamaika, sannan akwai mu 'yan Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawan zangon Kumasi da na unguwar Nima ta Accra da waɗanda suka fito daga Maraɗi da Yamai, yawancinsu direbobin tasi. Ni aka ɗora wa rubuta sigar Hausa da jagorantar tattaunawa a duk inda masu jin Hausa suka fi yawa.

Dalilin aikin a fili yake. Baƙar fata ba su wuce kashi 13 cikin 100 na mutanen Amurka ba, amma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ganowa suna ɗauke da ƙwayar HIV a kowace shekara daga cikinsu suke fitowa. A 2016 hukumar daƙile cututtuka ta ƙasar, wato CDC, ta ƙiyasta cewa idan abubuwa suka ci gaba yadda suke, baƙin namiji 1 cikin 20 zai kamu da ita a tsawon rayuwarsa, alhali a tsakanin fararen maza 1 ne cikin 132.

Tsarin da muka zaɓa shi ne na Augusto Boal, mutumin Birazil da ya rasu a 2009, inda ake nuna labarin da ya ƙare da ɓarna, sai a maimaita shi, kuma duk ɗan kallon da yake ganin ya fi jarumin dabara sai ya tsayar da wasan, ya hau dandamali ya gwada tasa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san yadda sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya riƙa shiga Samaru da ƙauyukan kewayen Zariya tun shekarun 1970, yana tsara wasa daga matsalolin da mutanen wurin suka faɗa da bakinsu.

Asabar, 25 ga Janairu, 2025

Makonni biyun da suka wuce sauraro kawai muka yi, ba mu rubuta ko layi ɗaya ba. Abin da ya fito fili shi ne cewa waɗanda takardun hukuma suke haɗawa a ƙarƙashin suna ɗaya ba tsoro iri ɗaya ne yake hana su zuwa asibiti ba.

Duk lokacin da aka ambaci awon jini a gaban dattawan baƙaƙen Amurkawa, sai wani ya ambaci Tuskegee, kuma ya zama dole mu 'yan ci-rani mu san labarin sosai kafin mu yi musu magana. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiyar jama'a ta gwamnatin Amurka ta bi diddigin baƙaƙen maza 600 a gundumar Macon ta jihar Alabama, waɗanda 399 daga cikinsu suna da tunjere, ba tare da an faɗa musu ainihin ciwonsu ba. An ce musu dai jininsu ne ya lalace. Ko bayan da allurar fenisilin ta zama sanannen maganin cutar a ƙarshen shekarun 1940, an bar su haka domin a ga yadda ciwon yake cin jikin mutum, har wasu suka mutu, wasu suka shafa wa matansu, aka kuma haifi 'ya'ya da cutar. Sai da jarida ta tona asirin a Yulin 1972 aka dakatar da binciken, kuma sai a ranar 16 ga Mayu, 1997 shugaba Bill Clinton ya nemi gafara a madadin ƙasar. Mutumin da ya tashi da wannan labari a gidansu ba za a ce masa rashin yardarsa jahilci ba ne, don haka mun yanke cewa jarumi ɗaya zai faɗi wannan a kan dandamali da dukkan zafinsa, kuma ba wanda zai yi masa raddi da wa'azi. Amsar da za a ba shi ita ce a Tuskegee magani aka hana mutane, yanzu kuwa maganin yana nan, kuma wanda ya ƙi zuwa shi ne yake hana kansa.

Mutanenmu kuwa tsoronsu biyu ne, takardu da bakin jama'a. Da yawa sun yi imani cewa idan aka same ka da HIV sunanka zai isa ofishin shige da fice, kuma wannan tsoro yana da asali, domin daga 1987 dokar Amurka ta hana masu ɗauke da ƙwayar shiga ƙasar. An soke wannan hani a Janairun 2010, aka kuma cire awon HIV daga binciken lafiyar masu neman takardar zama, amma labarin sokewar bai kai inda labarin hanin ya kai ba. Asibitocin lafiyar jima'i na birnin New York, har da na unguwar Morrisania da ke kusa da mu, suna duba mutum ko yana da takardu ko ba shi da su, ko yana da inshora ko babu. Tsoro na biyu ya fi wuyar sha'ani, domin direban da aka gani a ƙofar irin wannan asibiti da safe, kafin la'asar maganar ta isa Kumasi ta WhatsApp.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, 2025

Mun yi gwajin farko a wani shagon aski da daddare, kuma mun zaɓi yau ne saboda tun 1999 ake ware 7 ga Fabrairu domin wayar da kan baƙar fata game da HIV a Amurka. Zaɓen shagon aski ma ba don ƙawa ba ne. A wani bincike da marigayi Dakta Ronald Victor ya jagoranta a shagunan aski 52 na Los Angeles, wanda aka buga a 2018, baƙaƙen mazan da masu askinsu suka haɗa su da masanin magunguna a cikin shagon sun sami saukar hawan jini fiye da waɗanda aka ce musu kawai su je su ga likita. Abin da muka ɗauka daga nan shi ne namiji ya fi sauraro a wurin da shi ne ɗan gida.

Fitowar da muka nuna ta wani saurayi ce da yake jin zafi wajen fitsari, yana kuma ganin farin ruwa, amma maimakon asibiti sai ya karɓi ragowar kafso daga hannun abokinsa. An yi dariya sosai, kuma da aka maimaita, wani magidanci ya tsayar da wasan ya maye gurbin abokin, ya ce shi da kansa zai raka saurayin, zai kuma jira shi a mota domin kada a gan su tare a layi. Wannan dabara ba ta cikin rubutunmu, yanzu ta shiga. Nas ɗin da take aiki da mu ta yi bayani a taƙaice cewa ciwon sanyi yana ƙara bijire wa magunguna, shi ya sa yanzu allura ake yi masa, kuma shan kafso barkatai yana iya kwantar da alamun ba tare da ya kashe cutar ba. Mun lura cewa idan bayaninta ya wuce minti biyu mutane sukan koma kan wayoyinsu, don haka za a rarraba maganarta a saka ta a bakin jarumai.

Mai shagon ya yi ta tura kwastomominsa su karɓi kayan awo na gida, amma da aka miƙa masa nasa sai ya ce hannunsa da aiki. Wani dattijo Bamaraɗe da ke jiran layi ya ce, “To, Alhaji, dama wanzami ba ya son jarfa.” Ya karɓa yana dariya.

Asabar, 22 ga Fabrairu, 2025

Ƙofar da maza suka fi yarda su shigo ta cikinta ba maganar HIV ba ce, maganar ƙarfin mazakuta ce. Da zarar an taɓo ta, wanda ya yi shiru tun farkon zama sai ya gyara zama. Saboda haka muka rubuta sabuwar fitowa a kan wani direba mai shekara hamsin da yake sayen ƙunshin zumar ƙarin ƙarfi a kantin unguwa, yana ɓoye wa matarsa, yana kuma ɗora laifin rauninsa a kan basir, kamar yadda aka saba a gida.

Akwai gaskiya biyu da muke so su fita daga wannan fitowa. Ta farko ita ce raunin gaba sau da yawa alama ce ta ciwon suga ko hawan jini ko toshewar jijiyoyin jini, kuma yakan riga ciwon zuciya bayyana, ga shi kuma mutumin da yake zaune a kan sitiyari awa goma sha biyu yana cin abinci a tsaitsaye yana cikin waɗanda abin ya fi kamawa. Ta biyu ita ce hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sha gargaɗi, har da wasiƙun da ta aika wa wasu kamfanoni a Yulin 2022, cewa an sami sinadaran magungunan raunin gaba na Viagra da Cialis a ɓoye a cikin irin wannan zuma, kuma idan suka haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya jinin mutum yana iya faɗuwa ƙasa ƙwarai. A ra'ayina wannan fitowa ce ya kamata ta buɗe wasan, domin namijin da ya yarda a auna masa suga da jini ya riga ya zauna a kujerar nas, kuma daga nan zuwa sauran awon taki ɗaya ne.

Asabar, 15 ga Maris, 2025

Azumi ya sa mun dakatar da wasa, sai muka yi amfani da lokacin muka gana da limaman masallatai biyu na 'yan Afirka ta Yamma bayan tarawihi. Na karanta musu rubutun gaba ɗaya. Babban cikinsu ya ce, “Malam, ba mu ƙi ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma kada a yi shi a harabar masallaci, kada kuma a fito da kwaroron roba a gaban yara.” Mun karɓi sharuɗɗan biyu. Shi da kansa ya kawo shawarar a ƙara maganar awo kafin aure, na kuma tuna masa cewa a Mayun 2024 gwamnan Kano ya sa hannu a dokar da ta wajabta awon HIV da ciwon hanta da sikila kafin a ɗaura aure. Wannan ya buɗe mana hanyar shigar da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a Afirka ta Yamma, ana ɗaukarsa wajen haihuwa ko ta jini ko ta saduwa, yana iya zama shekaru ba alama, kuma yana da allurar rigakafi.

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

Mun dawo bayan sallah, kuma fitowar da take ɗauke da nauyin wasan duka ta fara tsayuwa da ƙafarta. Magidanci ne ya karɓi sakamakon awo yana ɗauke da HIV, saura mako biyu ya tafi gida hutu wurin iyalinsa, kuma yana tsaye da waya a hannu ya kasa kiran matarsa. A zagayen farko ya yi shiru ya tafi haka, wasan ya ƙare a nan.

Ba mu taɓa ganin mutane sun yi rububin hawa dandamali irin na yau ba. Wani ya gwada ƙarya, ya ce likita ya hana shi kusantar iyali saboda ciwon baya, sai ɗan wasan da yake fitowa a matsayin matar ya tambaye shi har zuwa yaushe, zauren ya ɗauki shewa. Wani ya ce a aika wa yayan matar ya faɗa mata, aka yi masa ca, domin sirrin ya fita kenan. Wani ɗan Jamaika ya ce a ɗaga tafiyar, a fara shan magani, sannan a kira ta tare da nas a kan waya. A nan ne bayanin da ya fi kowanne muhimmanci ya sami wurin shiga ba tare da an tura shi ba: mutumin da yake shan maganinsa kullum har yawan ƙwayar a jininsa ya sauka ƙasa da 200 a kowace mililita, ya kuma zauna a haka, ba ya shafa wa abokin kwanciyarsa ta hanyar saduwa, kuma yawancin mutane sukan kai wannan matsayi cikin wata shida da fara magani. CDC ta amince da wannan a fili tun 2017, amma mafi yawan waɗanda suke zauren yau ne suka fara ji. Wani dattijo ya ce shi abin da ya sani game da ƙanjamau shi ne rasuwar Fela a 1997, sai wani matashi ya tuna masa cewa Magic Johnson, shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando, ya sanar da duniya yana ɗauke da ƙwayar HIV tun Nuwamban 1991 kuma har yau yana harkokinsa.

Duk da haka ban yarda a bar fitowar ta ƙare da cewa magani ya ɗauke wa mijin nauyin faɗa ba. Matar tana da haƙƙin a auna ta, domin babu wanda ya san tun yaushe yake ɗauke da ƙwayar, kuma idan tana da ciki akwai abin da za a yi a kare jaririn. Haka batun yake ga tunjere, wanda ya dawo da ƙarfi har aka ƙidaya fiye da mutum 200,000 a Amurka a 2022, adadin da ba a gani ba tun 1950, tare da jarirai fiye da 3,700 da aka haifa da shi a shekarar. An yi muhawara ko a fara gayyatar mata kallo, aka tsaya a kan cewa zaman shagon aski na maza ne, amma za a shirya zama ɗaya na kowa da kowa a zaure.

Asabar, 10 ga Mayu, 2025

Yau an yi saɓani mafi tsanani tun da muka fara. 'Yan wasa biyu daga Harlem sun ce wasan da yake maganar baƙaƙen maza da HIV amma bai ambaci maza masu saduwa da maza ba ya kauce wa inda ciwon ya fi yawa, kuma alƙaluma suna bayansu, domin ƙiyasin CDC na 2016 ya nuna cewa a cikin wannan rukuni na baƙaƙen maza 1 cikin 2 ne yake fuskantar kamuwa. Wasu daga cikin mutanenmu suka ce idan aka saka wannan a sigar Hausa, limaman za su janye, zauren kuma zai watse kafin a kai ga maganar awo.

Matsayar da aka cimma ba ta gamsar da kowa ba. A sigar Ingilishi akwai cikakkiyar fitowa a kan batun. A sigar Hausa kuwa nas ce take tambayar jarumi, kamar yadda ake tambayar kowa a asibiti, ko da mata yake hulɗa ko da maza ko duka biyun, tana kuma bayyana masa cewa ba don ta yanke masa hukunci take tambaya ba, sai don ta san irin awon da ya dace da shi. Jarumin bai amsa a gaban jama'a ba. Ni na goyi bayan wannan, domin wanda abin ya shafa a cikin 'yan kallo zai ji cewa akwai ɗakin da zai iya faɗin gaskiya a rufa masa asiri, sauran kuma ba a ba su dalilin tashi ba.

Asabar, 21 ga Yuni, 2025

An sake gyara fitowar rigakafi saboda labarin da ya fito a wannan mako, cewa a ranar 18 ga wata FDA ta amince da allurar lenacapavir, wadda ake yi sau biyu a shekara domin kariya daga HIV. Kafin ita akwai ƙwayar Truvada da ake sha kullum tun 2012, da allurar Apretude ta kowane wata biyu tun ƙarshen 2021, kuma duka ana kiransu PrEP. Ga direban da ba ya son a ga kwalbar magani a ɗakin da yake haya tare da mutum uku, allurar wata shida babban sauƙi ce, sai dai mun hana jarumin yin alkawarin cewa kowa zai same ta gobe, domin batun kuɗi da inshora yana gaba. Mun kuma raba ta da PEP a bakin jarumai biyu daban, saboda 'yan kallo suna ta haɗa su: ita PEP bayan an riga an shiga haɗari ake fara ta, cikin awa 72, a sha har kwana 28. An ƙara layi ɗaya da yake cewa babu ɗayansu da yake kare mutum daga ciwon sanyi ko tunjere.

Asabar, 28 ga Yuni, 2025

Jiya, ranar awon HIV ta ƙasa, muka yi zaman kowa da kowa, kuma a karon farko motar awo ta wata ƙungiyar lafiya ta tsaya, ba a ƙofar zauren ba, a bayan ginin, inda mai shiga ba ya haɗuwa da mai fita. An rubuta a jikinta awon suga da hawan jini da sauransu. Wannan tsari ya fi duk wata jimla da muka rubuta tasiri, kuma layin bai yanke ba sai da aka rufe.

Tambayar da ta fi maimaituwa ita ce ko sakamakon yau da ya nuna babu ƙwayar HIV yana nufin an tsira. Nas ta bayyana cewa awon gaggawa, har da na gida irin OraQuick da yake ba da amsa cikin minti 20, yana iya kasa gano ƙwayar da aka ɗauka cikin kwana 90 da suka wuce, alhali awon jinin da ake kaiwa ɗakin bincike yakan gano ta tsakanin kwana 18 zuwa 45. Wannan bai shiga wasan ba tukuna, kuma dole ya shiga. Matan da suka zo sun fi maza tsayar da fitowar waya, kuma wata uwa ta hau ta karɓi matsayin matar, ta ce wa jarumin, “Maigida, ciwon ba shi ne zai raba mu ba, ɓoyewar ce.” Ɗan wasan ya rasa amsa, muka bar shi a haka.

Asabar, 12 ga Yuli, 2025

Abin da ya rage mana shi ne hanyar sanin ko wasan yana kai mutane ga magani, domin tafi da dariya ba hujja ba ne. Mun daina raba takardar tambayoyi bayan wasa, saboda mutane suna rubuta abin da suke ganin muna so mu ji. An shirya da ƙungiyar motar awo cewa za su riƙa tambayar wanda ya zo inda ya ji labarinsu, su ba mu jimilla kawai ba tare da suna ko lambar waya ba, kuma za mu nemi sanin nawa ne suka koma karɓar magani bayan sakamako.

Kuɗin hayar zaure zai ƙare a ƙarshen Agusta, kuma 'yan wasa uku direbobi sun nemi a mayar da bita ranar Lahadi da safe saboda daren Asabar ne kasuwarsu. Sigar Faransanci domin mutanen Gini da Mali da Senegal na titi na 116 a Harlem tana hannun mai fassara. Zama na gaba ranar 26 ga Yuli ne, inda za a gwada sabuwar fitowar da ta shafi tazarar kwanakin awo, a kuma yanke ko fitowar zuma za ta ci gaba da buɗe wasan a sigar Ingilishi kamar yadda take yi a ta Hausa.